Faransanci a firamare: a koyar da shi da baki, ko a cire shi daga jadawali

A makarantun firamare na Kaduna, Faransanci yana cikin ɗayan hali biyu. A yawancin na gwamnati sunansa kawai ake gani a manhaja, babu mai shiga aji ya koyar da shi. A na kuɗi kuwa akwai malami, akwai littafi mai hotuna da aka sa iyaye suka saya, akwai maki a takardar sakamako, amma yaron da ya ci tamanin bisa ɗari ba zai iya tambayar baƙo sunansa ba, balle ya gane amsar. Duk biyun asara ce, sai dai ta biyun ta fi ciwo, domin kuɗi aka biya.

Ina cikin masu son yaranmu su ji Faransanci. Inda nake ja shi ne yadda ake koyarwar da lokacin da ake farawa. A firamare harshen nan na baki ne da kunne, alli da littafin rubutu su jira. Bayaninsa a bi ta Hausa, kada a bi ta Turanci. Makarantar da ba ta da malamin da ke magana da shi kuwa ta haƙura, ta mayar da mintocin ga karatun Hausa da Turanci.

A 1996 ne Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, shekara guda bayan an dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila saboda rataye Ken Saro-Wiwa. Lissafin siyasar waje ne, ba daga cikin aji buƙatar ta taso ba. Kundin manufofin ilimi na 1998 ya ɗauka ya rubuta, daga baya manhajar shekara tara ta hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta ajiye shi daga aji huɗu. Sabuwar manhajar 2025 ta mayar da shi cikin darussan zaɓi, kuma hakan ya fi kusa da gaskiya. An daɗe ana kiran abu dole alhali ba a taɓa samar da isassun masu koyar da shi ba.

Wani zai ce, me Bahaushe zai yi da Faransanci? Maganarsa ba ta banza ba ce. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Garwa zuwa zangon Kwatano, da Hausa ake ciniki. Nijar kanta a 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta sauko da Faransanci zuwa harshen aiki, ta kuma fice daga ƙungiyar ƙasashe masu magana da shi. Amma cinikin rumfa daban, takarda daban. Takardar kwastan a tashar jiragen ruwan Kwatano ko Lome, rasit ɗin banki, yarjejeniyar haya, takardar asibiti, duk da Faransanci ake rubuta su, kuma a nan ne ɗan kasuwarmu ke biyan dillali, ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Benin da Nijar da Cadi da Kamaru, wato duk maƙwabtan da muke da iyakar ƙasa da su, da shi suke aikin ofis. Kaduna ma ba baƙuwarsa ba ce, tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri. Amfani kam akwai. Sai dai amfanin na babba ne mai karanta takarda, kuma firamare ba za ta iya samar da shi ba. Abin da za ta iya shi ne ta gyara masa kunne da harshe tun suna da taushi.

Ingila ta gwada wannan da kuɗinta. A 1964 ta fara koyar da Faransanci ga 'yan shekara takwas a wasu makarantu, aka bi yaran ana auna su. Rahoton da ya fito a 1974 ya nuna cewa a shekara goma sha shida, waɗanda suka fara da wuri ba su tsere wa waɗanda suka fara a shekara goma sha ɗaya da wani abin kirki ba, in ban da wajen sauraro. Ribar farawa da wuri a kunne take. Mu kuwa mun ɗauki darasin mun mayar da shi kwafe-kwafe daga allo, wato ainihin ɓangaren da babban yaro ya fi ƙarami saurin kamawa.

A yi lissafin lokaci. Inda ake koyar da shi, yawanci darasi biyu ne a mako, kowanne minti 35. Zango yana da mako goma sha biyu ko sha uku, amma in aka cire makon dawowa da hutun tsakiya da bita da jarrabawa, mako goma ne na karatu. Minti 70 sau mako 30 ya ba da awa 35 a shekara, wato awa 105 daga aji huɗu zuwa shida. A ma'aunin harsuna na Turai, wannan da ƙyar zai kai yaro matakin farko da ake kira A1: ya gaisa, ya faɗi sunansa da shekarunsa da unguwarsu, ya tambayi farashi, ya bi umarni mai sauƙi. Kuma wannan in ba a yi asarar ko minti ɗaya ba ke nan. A zahiri kafin malami ya iso daga wani aji, a goge allo, a tsawatar, minti 25 suka rage. A aji mai yara tamanin, ko da malamin bai buɗe baki ba ya bar kowane yaro ya yi magana shi kaɗai, kowa ba zai samu daƙiƙa ashirin ba. Duk tsarin da bai fara da wannan lissafin ba yaudarar kai ce.

Sai batun aji huɗu. Tsarin da aka daɗe a kansa kafin 2022 shi ne a koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a shekara ukun farko, daga aji huɗu a juya komai zuwa Turanci. A shekarar da lissafi da kimiyya suka koma masa Turanci, a ita ce kuma aka ce ya fara rubuta Faransanci. Da yamma yana Islamiyya yana fama da baƙaƙen Larabci daga dama zuwa hagu. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Abin da ya fi rikita yaro shi ne Hausa da Turanci da Faransanci haruffa ɗaya suke amfani da su, amma kowanne da yadda yake furta su. Harafin c a Hausa shi ne na «ci» da «cokali». A Faransanci wani lokaci k ne, wani lokaci s. Haɗin ch da aka koya masa jiya a Turanci, yau a Faransanci sh ne. Sunan harafin e a Turanci shi ne sunan i a Faransanci, sunayen g da j kuma kamar an yi musaya. Ga baƙaƙen ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa. Yaron da karatun Hausarsa bai zauna ba, in ka ɗora masa wannan, ba Faransancin kawai zai rasa ba, har ɗan Turancin da ya fara kamawa zai girgiza.

Ga yadda darasin yake a ajujuwa da yawa. Malam ya shigo, yara sun miƙe sun rera «Bonjour monsieur», kuma wannan ce jimla ta ƙarshe da za su furta a ranar. Ya rubuta «Les parties du corps» a saman allo, ya ja layi a tsakiya, Faransanci a hagu, Turanci a dama, kalma ashirin. Sauran lokacin kwafa ne. In ya ce wani ya karanta, sai ka ji «bras» ya zama «biras», «pied» ya zama «fiyed», «doigt» ya zama «doyigit», alhali «bra» da «pye» da «dwa» ake cewa. Yaron bai yi laifi ba, ƙa'idar Hausa ya bi, inda duk abin da aka rubuta ake furtawa. Mako mai zuwa sai jeren aikatau, «je suis, tu es, il est», da kari kamar ana bitar hadda. Yaranmu gwanayen hadda ne, za su kawo shi tas a jarrabawa. Tsayar da ɗayansu a bakin ƙofa ka ce masa «Où est ton cahier?», sai ya dube ka ya dubi ƙasa.

Layin Turancin nan da ke dama shi ne babban kuskuren, domin ana bayanin harshen da yaro bai sani ba da harshen da bai gama sani ba. Kuma ana zubar da gatan da Hausa ta ba shi. Ɗan Ingila yana shan wuya kafin ya yarda cewa tebur da ƙofa suna da jinsi. Mai jin Hausa tun yana goye ya san «gidan» ake cewa, «rigar» ake cewa. Ya san ƙarami da ƙarama, fari da fara, don haka «petit» da «petite», «blanc» da «blanche» ba za su ba shi mamaki ba in an jera masa su kusa da na Hausa. Ya san ba a ce wa dattijo «kai» sai «ku», bayanin «tu» da «vous» ke nan ya ƙare a minti ɗaya. Ita ma r ɗin Faransanci da ke fitowa daga maƙogwaro, ɗan Islamiyyar da ya iya mafitar gainun Larabci ya riga ya kusa da ita, tuna masa kawai za a yi.

Tarkon yana wuri ɗaya, jinsin ba ya dacewa kullum. Rana tamata ce a Hausa, «soleil» namiji ne. Wata namiji ne, «lune» tamata ce. Gida namiji, «maison» tamata. Maganin shi ne kada a taɓa ba yaro suna tsirara. Ba «maison» ba, «une maison», kullum tare, kamar kalma ɗaya. Malamin da ya yi sakaci da wannan a zangon farko zai shekara uku yana gyara. A Sabon Tasha ko Narayi ko Barnawa, inda aji zai iya haɗa Bajju da Atyap da Gbagyi da Ibo da Yarabawa, sai malami ya duba harshen da ajin ya fi tarayya a kai. Sau da yawa Hausar ce dai, wani lokaci kuma Turancin kasuwa ne. Ƙa'idar ita ce a yi bayani da abin da yaro ya riga ya mallaka.

Wajen furuci, wurare uku ne ke kayar da mai jin Hausa, kuma an san su tun kafin a shiga aji. Na farko p da f da v. «Pain» burodi ne, «faim» yunwa, «vingt» ashirin, «bain» wanka, amma a bakin yaronmu biyun farko sukan zama ɗaya, biyun ƙarshe ma haka. Ba a gyara wannan da faɗa. A sa yara su fuskanci juna bibbiyu, kowa ya kalli bakin ɗan'uwansa: a p leɓɓa suna haɗuwa su rufe ruf, a f da v haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa, a v kuma in ka ɗora yatsa a maƙogwaro za ka ji yana rawa. Na biyu wasalin u na «tu», wanda babu shi a Hausa, sai yaro ya ce «tout». A ce masa ya furta i mai tsawo, ya bar harshensa inda yake, ya tsuke leɓɓa kamar zai yi fito. Na uku wasulan hanci, inda yaro ke ƙara n a ƙarshen «bon». A nan harshe bai kamata ya taɓa ganɗa ba sam. Minti biyu a kowane darasi sun isa, muddin ba a fashi.

Tsawon darasin ma a sauya. Minti 20 sau uku a mako ya fi minti 35 sau biyu, ya kuma fi haɗa darasi biyu a rana ɗaya nesa ba kusa ba, domin abin da aka ji ranar Litinin ba a sake ji ba sai wata Litinin ya riga ya tashi. Minti biyun farko gaisuwa da tambayar rana da yanayi. Minti uku bitar na baya, malam yana ɗaga abu yara suna faɗa. Minti shida sabon abu, kalma biyar kacal da ƙirar jimla ɗaya, kuma da kayan gaske a hannu: biro, alli, kwano, lemo, albasa. Malam ya faɗa sau uku yara suna saurare kawai, sannan aji duka, sannan layi-layi, sannan ɗaiɗaiku huɗu ko biyar daga baya da tsakiya, ba 'yan gaban da ke ɗaga hannu kullum ba. Minti shida na gaba su ne zuciyar darasin: kowane yaro da abokin bencinsa, ɗaya mai kaya ɗaya mai saye.

«Bonjour madame, c'est combien?»
«Cinquante nairas.»
«C'est cher!»

Sai su yi musaya. Da haka daƙiƙa ashirin ɗin nan ta zama minti uku ga kowane yaro. Aji zai cika da hayaniya, kuma a nan ne hedimasta kan leƙo ya ce malam ya kasa riƙe aji. A sanar da shi tun farko cewa hayaniyar ita ce aikin. Minti ukun ƙarshe waƙa ko wasan umarni, tashi, zauna, taɓa kai, taɓa kunne. Darasi biyu na sabon abu, na uku bita zalla. Kalma goma a mako, ɗari uku a shekara, kuma waɗanda yaro zai iya furtawa ne.

Ƙirga a tsaya a 69 har sai aji shida. Daga 70 Faransanci lissafi yake komawa, sittin da goma, 80 kuma ashirin sau huɗu, 97 ashirin sau huɗu da goma sha bakwai. Littattafai da yawa suna jera ɗaya zuwa ɗari a shafi guda a zangon farko, yara su haddace su manta. Rubutu ma sai aji shida, kuma abin da baki ya riga ya iya kawai za a rubuta, ga yaron da zai iya karanta sakin layi na Hausa ba tare da tuntuɓe ba. Kayan aiki ba wani abu ba ne: wayar malam, ƙaramar sifika mai caji, da muryoyin da aka naɗa a katin waya don kada a dogara da intanet ko wuta. Ba sai muryar mutumin Faris ba. Ta ɗan Yamai ko Abijan ta fi amfani, su ne yaron zai haɗu da su.

Duk wannan a kan malami ya rataya, kuma nan ne gizo ke saƙar. Jihar Kaduna da ke da makarantun firamare na gwamnati sama da dubu huɗu, wadda a 2017 malamai 21,780 cikin kusan 33,000 suka faɗi jarrabawar gwajin da aka yi musu, ba ta da malamin Faransanci ga kowace makaranta, kuma ba za ta samu nan kusa ba. Gara a faɗi haka a fili a yi tsari a kansa. Aji ɗaya awa ɗaya yake ci a mako, don haka malami ɗaya zai iya riƙe aji goma sha biyar. Wannan babbar makaranta ɗaya ce a Rigasa ko Tudun Wada, ko ƙanana uku da ke kusa da juna a Kaciya ko Soba. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta zaɓi rukunin makarantu kaɗan a kowace ƙaramar hukuma cikin 23, ta fara da su. Abu biyu ke kashe irin wannan tsari. In ba a biya kuɗin mota a kan kari ba, malam zai lafe a makarantar da ta fi kusa da gidansa. In kuma aka rasa malamin Turanci, shi hedimasta zai fara janyewa ya cike gurbi. Dole takardar turawa ta hana haka ƙarara.

Wajen ɗauka, takarda kaɗai ba ta isa ba. Akwai masu takardar shaidar malanta ta NCE ko digiri da suka san nahawu sarai amma ba sa iya hirar minti biyar, musamman in zamansu a ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, bai yi tsawo ba. A zaunar da mai nema a yi hira da shi minti goma, a sa shi ya koyar da yara na gaske minti goma. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen Faransanci da zai iya wannan tantancewa. A ɗaya gefen, cikin garin nan akwai mutanen da suka tashi a Nijar da Kamaru da Togo da Benin, harshen yana bakinsu, takardar koyarwa ce babu. Makarantun kuɗi sun daɗe suna ɗaukarsu a kan albashi ƙanƙani ba tare da wani horo ba, su kuma sai su koyar kamar yadda aka koya musu, da allo da bulala. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, a Kaduna take tun 1976, kuma karatun daga nesa shi ne sana'arta. Gajeren kwas na dabarun koyar da ƙananan yara bai fi ƙarfinta ba. Masu yi wa ƙasa hidima kuwa taimako ne, ba a kafa darasi a kansu, shekara na cika sun tafi.

Jarrabawa ita ke juya akalar malami. Muddin takarda ce ta haɗa kalma da fassararta, kwafa za a ci gaba da yi. A mayar da kashi biyu cikin uku na makin zuwa baki da kunne. Na kunne mai sauƙi ne, malam ya faɗi jimla, yara su yi alama a hoton da ya dace, aji duka a lokaci guda. Na baki minti biyu ga kowane yaro, tambaya biyar. Yara tamanin minti 160 ke nan, wato darasi takwas, don haka a rarraba shi cikin zango, kada a tara shi a makon ƙarshe. Uba ma zai iya nasa gwajin ba tare da ya ji ko kalma ɗaya ba. Ya ce wa yaron ya gaishe shi, ya faɗi sunansa da shekarunsa, ya tambayi kuɗin wannan kofin, duk ba tare da buɗe littafi ba. In ya kasa bayan shekara biyu, akwai abin tambaya a taron iyaye da malamai.

Saura ramin da ke gaba. Yaro ya yi shekara uku yana koyo, ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ya tarar rabin ajin ba su taɓa jin harshen ba. Malama ba ta da zaɓi sai ta koma «Bonjour». Wanda ya sani ya gaji ya daina saurare, kafin ƙarshen shekara an zama ɗaya. Shi ya sa zaɓen makarantun ba a warwatse za a yi shi ba. A ɗauki ƙaramar sakandare ɗaya da duk firamaren da ke tura mata yara, a fara da su tare, malaman ɓangarorin biyu su zauna sau ɗaya a zango su san inda aka tsaya, a kuma rubuta matakin kowane yaro a takardar da zai tafi da ita. Inda ba za a iya haɗa wannan ba, a bar Faransanci sai aji ɗaya na sakandare, a ba shi darasi huɗu a mako a can.